Ƙurajen da ake tashi da su da safe: kuɗin cizo ne ko ƙazwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum mutanen gidan nan, barkanmu da hantsi. Dan Allah shawara nake nema. Yarinyata 'yar shekara 6 kwanan nan kusan kullum in ta tashi da safe sai in ga wasu ƙuraje a damtsenta da gefen wuya da ƙwaurinta, sun ɗan tasa kuma a jere suke uku huɗu kusa da juna, ƙaiƙayi kam ba a magana, susa take har sai ta fitar da jini. Katifa ɗaya suke kwana da yayarta amma ita ko ɗigo babu a jikinta. Mai kemis ya ce min ƙazwa ce, maƙwabciyata kuma ta ce borin jini ne, ni dai na rasa na kamawa.

Ummu Haidar: Wa alaikumussalam, ayya Allah ya ba ta lafiya. Tun ban gama karantawa ba raina ya ba ni kuɗin cizo ne wlh. Ki ɗaga katifar ki duba ɗinkin gefe-gefen nan.

Maman Ilham: Anya kuwa Anti? Kullum sai an share ɗakin an goge, zanin gado ma ba na bari ya yi datti. Kuma in shi ne me zai hana ya ciji yayar, ai tare suke kwana.

Anti Nas: Wa alaikumussalam Maman Ilham, sannu da jinya. Bari in fara da maganar yayar domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ƙwaron nan in zai sha jini yana zuba yawunsa a cikin fata, a yawun akwai abin da ke kashe zafi don kada mutum ya farka, akwai kuma abin da ke hana jini daskarewa. To ƙurjin da kike gani ba ramin cizon ba ne, jiki ne yake faɗa da wannan yawun. Shi ya sa mutum biyu za su kwana shimfiɗa ɗaya a cije su su duka, ɗaya ta tashi jikinta duk ya tasa ɗaya kuwa babu komai. Wani ma ba a ranar yake fitowa ba, yana iya kaiwa kwana 14 kafin ya nuna. Don haka rashin ƙurji a jikin yayar ba hujja ba ce.

Yanzu ki duba min waɗannan wuraren a jikinta: tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, hammata, zagayen cibiya, ƙugu inda wando ke ɗaurewa, da ɗuwawu. Ƙazwa can take zama, wuraren da riga ta rufe da inda fata ta naɗe, ƙurajenta ƙanana ne sosai kuma sannu a hankali sai ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin cizo kuwa ya fi samun inda ke buɗe lokacin barci, fuska, wuya, hannu, ƙafa, bayan kafaɗa in an kwanta ba riga.

Shi kuma borin jini ba ya zama wuri ɗaya, zai tashi fal a nan anjima ya lafa ya ɓullo wani wuri, ɗaya ba ya cika wuni da kwana a inda ya fito. In ƙurjin jiya yana nan inda yake yau har gobe to ba shi ba ne.

Maman Ilham: Na duba Anti Nas, tsakanin yatsu da cibiya fes suke babu komai. Kuma na shekaranjiya ma suna nan inda suke sai dai sun yi duhu.

Baban Sadik: To ba sauro ba ne kuwa? Damina ce fa yanzu.

Anti Nas: Zai iya haɗuwa da shi Baban Sadik, amma cizon sauro warwatse yake ɗaya nan ɗaya can, yana tasawa nan take kuma ya fi saurin lafawa. Ƙuma ita kuma idon sawu da ƙwauri ta fi addaba musamman gidan da ake da kyanwa ko kare ko akwai ɓeraye. Ƙurajen zafi kuma tsil-tsil suke cike da wuya da baya da goshi, ba sa yin layi.

Wani abu da nake so mu riƙe, in kuka shiga intanet kuka nemi hoton cizon nan yawanci za ku ga ja jawur, saboda a farar fata aka ɗauka. A fatarmu sau da yawa jan nan ba ya fitowa, sai dai wurin ya tasa ya yi duhu-duhu, in kin shafa kin fi jin sa da hannu kan ki gan shi da ido, wani lokaci da ɗan ɗigo a tsakiya. Kada uwa ta ce ai ba ja ba ne don haka ba shi ba ne. Kuma gaskiyar magana ko likitan fata ba ya yanke hukunci da kallon ƙurji kaɗai, sai an ga ƙwaron ko alamarsa a makwanci. Ki ɗauki tocilan ki bi ɗinkin katifa, ƙasan takardar da ake liƙa wa katifa, mahaɗar katakon gado, bayan allon kai, tsagar bango, gefen tabarma ko kafet. Abin da kike nema: baƙin ɗige-ɗige wanda in kin sa jiƙaƙƙen tsumma zai narke ya yi ja-ja, kashinsa ke nan, sai ɗigon jini a zani, sai ɓawon da ya saɓe, sai fararen ƙwai da ba su wuce milimita 1 ba. Babbansa kamar ƙwayar kankana ƙarama yake, faffaɗa, ja mai duhu, ba shi da fiffike ba ya tsalle.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a su ne. Na ɗaga ɗinkin ta wajen kai ga baƙin ɗigon nan reras, ga ƙanana suna gudu, na murje ɗaya jini ya fito. Wlh jikina duk ya yi sanyi, kunya ma nake ji.

Ummu Haidar: Haba 'yar uwa kunyar me, ki gode Allah da aka gano kafin ki yi ta shafa wa yarinya maganin ƙazwa a banza.

Abu Fadil: Ni dai a yi haƙuri amma gaskiya ɗaya ce, wannan ƙwaro ƙazanta ke kawo shi. Mu a gidanmu tunda muka taso ba mu san shi ba.

Malamin Makarantar Kwana: Malam Abu Fadil ban yarda da kai ba a nan. Ƙuda da kyankyaso su ne ke bin datti domin abincinsu ke nan, shi wannan jini kawai yake sha, ba ruwansa da ragowar tuwo ko shara. Abin da ke jawo shi ɗumin jiki ne da numfashin mai barci. Ɗaukarsa ake yi a kawo, a jaka, a akwati, a katifar hannu, a kujerar da aka saya wajen masu tsofaffin kaya, a gwanjo, a kujerar mota. Ni ina ganin yara 'yan gidan tsafta da ake kawowa da sabuwar katifa a leda, zango ɗaya su koma gida da shi a akwatin ƙarfe. A 2023 ai duk duniya ta ji yadda hankalin mutane ya tashi a birnin Faris na Faransa, ana ta maganarsa a jiragen ƙasa da gidajen sinima ana shirin wasannin Olamfik na 2024, su ma ƙazantar ce? Inda zan yarda da kai shi ne tarkace, ɗakin da aka cika da kaya a ƙarƙashin gado da buhunan tsumma ya fi wuyar rabuwa da shi domin maɓoya ta yi yawa. Amma wannan maganar ta ƙazanta ita ce ke sa mata su ɓoye, su ƙi gaya wa maƙwabta, kafin a ankara ya bi tsagar bango ya cika gidan haya gaba ɗaya.

Abu Fadil: To na ji batun ɗaukowa, amma dai mai kula da ɗakinsa zai gani da wuri.

Maman Ilham: Malam wlh ina kula, ban dai san a ɗinki ake dubawa ba. Yanzu ni yarinyar ce a gabana, me zan shafa mata? Ina da man zafi a gida kuma wata ta ce in sa makilin ko lemon tsami.

Anti Nas: A'a dan Allah kada ki sa ko ɗaya. Fatar da aka sosa ta fashe in kika sa mata man zafi ko makilin ko lemon tsami ƙonewa za ta ƙara yi, tabon ma ya fi yin baƙi. Cizon nan shi kansa yana warkewa da kansa cikin sati 1 zuwa 2 in ba a ƙara cizonta ba, aikinki biyu ne kawai, ki rage mata ƙaiƙayi ki hana wurin ɗaukar ƙwayar cuta.

Ki wanke da sabulu marar ƙamshi da ruwa, ki tsane ba tare da gurzawa ba. Ki jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan sanyi ko ki naɗe ƙanƙara a ciki ki ɗora kamar minti 10, wannan kaɗai yana sauƙaƙa ƙaiƙayi sosai. Ki yanke mata farce ƙasa-ƙasa yau ɗin nan domin yawancin susar cikin barci take yi ba ta sani ba, in da hali ta kwana da doguwar riga mai hannu marar nauyi. A kemis ki nemi kalamin, ruwan nan mai kalar hoda da ake girgizawa a shafa. In ƙaiƙayin ya fi ƙarfinsa akwai man haidrokotizon mai kashi 1 cikin 100, a shafa kaɗan a kan ƙurjin kawai sau ɗaya ko biyu a rana, kada ya wuce kwana 7, kada a sa a inda ya fashe ko yake ruwa, fuskar yaro kuma sai ma'aikacin lafiya ya gani ya ce a sa. Na sha kuwa akwai loratadin ko setirizin, babba ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 a rana, ba su cika sa barci ba. Piriton shi yana sa barci don haka direba ko mai aiki da inji ya kiyaye. Na yara ruwa ne kuma da shekaru ake aunawa, ki faɗi shekarunta a auna miki kada ki raba na manya da ka, ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa kada a ba shi komai sai an kai shi asibiti.

Abin da nake roƙonku ku guje shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake miƙo wa kowa da ya ce ƙaiƙayi. Akwai sinadari mai ƙarfi a cikinsu, za ki ga ƙurji ya kwanta da sauri ki ji daɗi ki ci gaba da shafawa, a hankali fata ta yi siriri ta yi fari-fari ta fara nankarwa, jikin yaro kuma ya fi na babba zuƙe shi. Haka ma kafso, ba a shan maganin kashe ƙwayoyin cuta don cizon ƙwaro sai in wurin ya ruɓa.

Hajiya Babba: Sannunku 'ya'yana. Mu a zamaninmu babu waɗannan mayukan, man kaɗe muke shafa wa yaro, a dafa ganyen darbejiya a yi masa wanka, gadon kara ko na ƙarfe a fitar da shi tsakar gida a kwarara masa tafasasshen ruwa, tabarma a shanya a rana a bubbuga. Kuma muna ganin sauƙi.

Anti Nas: Mama ranki ya daɗe, man kaɗe ba ni da ja a kai, yana tausasa fata kuma busasshiyar fata ta fi ƙaiƙayi, sai dai a shafa a inda bai fashe ba. Ruwan darbejiya in an bari ya huce aka yi wanka ba zan hana ba amma kada a ba yaro ya sha kuma kada a dogara da shi a ce zai kori ƙwaron. Tafasasshen ruwan nan kuwa da kika faɗa shi ne gaskiyar maganin, har yau babu abin da ya kai zafi kashe shi.

Hajiya Babba: Yauwa 'yar albarka. A dai kawar da yara kafin a ɗauko ruwan zafin.

Ɗaliba A Hostel: slm Anti Nas dan Allah tambaya, mu a dakinmu na makaranta ba wanda bai sha cizon nan ba, wata tace wai yana daukar cuta daga jinin wani ya sa ma wani kamar ciwon hanta ko kanjamau, tun ranar na kasa barci wlh ko ya motsa min zani sai na tashi na haska waya

Anti Nas: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki. An daɗe ana bincike a kan wannan, kuma hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa ba a san shi da yaɗa cuta tsakanin mutane ba. Ba kamar sauro ba ne da ke kawo maleriya. Illarsa ta wata hanya take zuwa. Na farko rashin barcin nan da kike faɗa, ba ƙaramin abu ba ne, mutum ya wuni a gajiye karatu ba ya shiga, wani ko an kashe ƙwarin ya daɗe yana jin kamar abu na bin jikinsa. Na biyu in sun yi yawa ƙwarai suna shan jinin jariri ko tsoho kullum dare zai iya haifar da ƙarancin jini. Na uku kuma wanda na fi gani a wajen aiki shi ne gyambo daga susa.

Ga abubuwan da in an gansu ba zaman gida, Maman Ilham ke ma ki karanta. Wurin ya fara fitar da mugunya ko ya yi ɓawo mai ruwan ɗorawa, kumburin yana faɗaɗa yana zafi in an taɓa, kaluluwa ta fito a hammata ko matsematsi, zazzaɓi ya shigo. Wannan ƙwayar cuta ce ta shiga kuma magani sai wanda aka rubuta. In yaro ya yi irin wannan gyambon bayan wasu makonni kika ga fuskarsa na kumbura da safe ko fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, ki kai shi a duba ƙoda, kada ki ce ai ƙurjin ya riga ya warke. Wasu kuma cizon yana yi musu ƙulli mai ruwa, kada a fasa da allura. Mai ciwon suga ko ɗan ƙurji ne a ƙafa ya nuna da wuri. Wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan ba ya yawan faruwa amma in ya faru asibiti ne a take ko tsakar dare ne.

Baban Sadik: Duk wannan dogon zance ne, a kashe abin kawai a huta. Maman Ilham ki sayi fiya-fiya ki haɗa da kalanzir ki feshe katifar da bangon ki rufe ɗakin, gobe ba za ki ga ko ɗaya ba. Ko Sniper in kin samu.

Mai Feshi: Yallaɓai Baban Sadik wannan sana'ata ce da ita nake ci da iyali, kuma ina roƙonka ka janye wannan shawarar. Abin da ke cikin Sniper sinadarin gona ne, DDVP za ka ga an rubuta a kwalbar, fiya-fiya kuma yawanci shi ɗin ne ake sirkawa a ɗura a kwalba ba suna ba awo. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa a kantuna da kasuwanni barkatai saboda rayukan da ake rasawa. Ka jiƙa katifar yarinya 'yar shekara 6 da shi, soso ya shanye, ta kwanta ta kifa fuska a kai dare guda tana shaƙa kuma yana shiga ta fatar da ta riga ta fashe. Kalanzir kuma ga wuta, gidan da ake kunna maganin sauro ko kyandir. Kuma abin da ya fi, gobe ba za ka gansu ba gaskiya ne, amma ƙwan yana nan a lungu, ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, sati biyu sai ka ji cizo ya dawo ka ce maganin jabu ne ka ƙara zubawa.

Baban Sadik: Amma ai mutane na yi kullum ba abin da ya same su.

Anti Nas: Waɗanda abin ya sama ba sa zuwa nan su ba da labari Baban Sadik, mu ake kawo wa su. Yaro ya zo yawu na dalala, yana amai, zufa ta jiƙa shi, ƙwayar idonsa ta tsuke, ƙirji na kurari. Duk wanda ya ga haka bayan feshi ya fitar da shi iska, ya cire masa kayan, ya wanke jikin da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ba sa karya dafin, sai ma ya shaƙe su su tafi huhu.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan. Wajenmu na ga wasu na sa ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake da hatsi, su aje ta ƙarƙashin gado su rufe ɗaki. Sun ce tana gamawa da su har ƙwai. Mi kuka gani?

Mai Feshi: Subhanallah. Ɗan uwa don girman Allah duk wanda ka sani yana wannan ka hana shi yau. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska take sakin iskar guba, an yi ta ne don rumbu da sito inda ba mai kwana. Iskar ba ta tsayawa a ɗakin da aka sa ta, tana bi ta silin da tsagar bango da ƙasan ƙofa ta shiga ɗakin da ke kusa, yara su ne farkon tafiya, kuma ba ta da makari, ko an kai asibiti sai dai a yi ta taimakon numfashi ana addu'a. An rasa iyalai a ƙasashe da dama ta wannan hanyar garin kashe kuɗin cizo. Ƙwaron da bai kashe kowa ba kada a kashe mutum a kansa.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai, in sha Allahu zan isar.

Maman Ilham: To Malam Mai Feshi ni yanzu ya zan yi, in yar da katifar ne? Wlh ba ni da kuɗin sabuwa a wannan tsadar.

Mai Feshi: Kada ki yar Hajiya, in kin yar ma kin sayi sabuwa waɗanda ke bango da katako za su hau ta a daren farko, ga wani zai tsinci tsohuwar ya kai gidansa. Kuma kada ki kwashe yaran ki mayar falo ko ɗakinki da zanin rufarsu, bin su zai yi ki tashi da ɗaki biyu.

Ki fara da kayan sawa da zannuwa da labule da rigar filo, ki zuba a leda ki ɗaure tun a cikin ɗakin kada ki ratsa gida da su a buɗe. Ki jiƙa a ruwan zafi sosai wanda hannu ba zai iya shiga ba, zafin digiri 60 yana kashe shi har ƙwan, ki wanke ki shanya ki goge, ki sa a sabuwar leda ki ɗaure sai an gama yaƙin. Katifa ki cire mata riga a wanke haka nan, ki bi ɗinkin da burushi mai tauri ki kankare ƙwan domin manne yake ba ya faɗuwa da kakkaɓa, sannan ki bi da dutsen guga mai zafi a kan ɗan jiƙaƙƙen zani a hankali a hankali kada soso ya narke. In kin gama ki sa a ɗinka mata leda mai kauri a rufe ta ruf a liƙe bakin, na ciki ba fita na waje ba shiga, ki bar ta haka kamar shekara domin ƙwaron nan yana iya yin watanni bai sha jini ba yana raye. Gado a kwance shi gaba ɗaya a zuba ruwan zafi a duk mahaɗa da ramin ƙusa kamar yadda Hajiya Babba ta ce. Tsagar bango a toshe da siminti ko filasta. In an mayar da gadon a janye shi daga bango, zani kada ya taɓa ƙasa, ƙafafun gadon a sa su cikin gwangwani mai ɗan ruwan sabulu.

Rana tana taimakawa amma kada a ruɗe. Takalmi, jaka, littafi in kin ƙulle a baƙar leda kin ajiye a ranar bazara irin ta Afrilu wuni guda, zafin ciki zai iya gamawa da su. Katifa mai kauri kuwa sama ta yi zafi ƙasa da tsakiya da sanyi, can suke komawa su laɓe, yanzu ma damina ce ranar ba ta da wannan ƙarfin.

Ummu Haidar: To maganin feshi na gwangwani na sauro fa? Ni na taɓa fesawa ina kallo suna tafiyarsu.

Mai Feshi: Haka ne Anti, da yawansu sun saba da irin sinadarin da ke cikin na gwangwanin. Tun zamanin maganin ƙwari na DDT bayan yaƙin duniya na biyu aka kusa shafe su a Turai da Amurka, suka zo suka jure, daga ƙarshen shekarun 1990 suka dawo da ƙarfi ko'ina. In an fesa na gwangwani sau da yawa watsa su kawai ake yi su shige lungu ko su tsallaka ɗakin maƙwabci. In abin ya kai a kira mai feshi, ku tambaye shi sunan maganin ku ga kwalbar da lambar rajista, ya fesa a tsaga da katako ba a saman inda ake kwanciya ba, ya faɗa muku awa nawa za ku yi kafin ku shiga, kuma ya dawo zagaye na biyu bayan kwana 10 zuwa 14 saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. Wanda ya ce muku sau ɗaya ya gama har abada ku nemi wani. Macen ƙwaron guda ɗaya tana iya yin ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta, in kaɗan suka tsira aiki ya dawo sabo. Gidan haya kuma sai an haɗa kai an yi rana ɗaya.

Maman Ilham: Na duba gidan sauronsu ma akwai su a kusurwa ta sama wajen igiya, ina ga cire shi zan yi gaba ɗaya in huta.

Anti Nas: A'a Maman Ilham nan kam ban yarda ba sam. Ki cire ki tsaftace ki mayar a daren yau, in kuma ya lalace ki sa wani. Kuɗin cizo ƙaiƙayi zai sa ta, sauron damina kuwa maleriya zai sa mata, kada ki bar yara su kwana a buɗe ko dare ɗaya. Ki bi kusurwoyin da ɗinkin da hannu da burushi ki kashe, ki wanke da sabulu marar ƙarfi ki shanya a inuwa domin rana da ruwan zafi suna rage ƙarfin maganin da ke jikinsa.

Ummu Haidar: Anti Nas baƙin tabon da yake bari fa? Ni ƙafata har yanzu duk ɗige-ɗige, har na fara tunanin man da zai goge min.

Anti Nas: Zai tafi da kansa amma yana ɗaukar watanni, haka fatarmu take, duk inda ya yi kumburi sai ya bar duhu kuma gwargwadon susa gwargwadon baƙi. Ki riƙa shafa mai na yau da kullum, ki rufe wurin daga rana, ki daina ɓantarar ɓawon. Man bilicin kada ki fara, zagayen tabon yake haskewa tabon ya ƙara fitowa, ga lalata fata.

Ɗaliba A Hostel: to mu da zamu tafi hutu ya zamuyi kar mu kai ma su Umma gida, ni tsoron da nake ji kenan

Malamin Makarantar Kwana: Abin da nake gaya wa iyaye shi zan gaya miki. Ranar da kika iso akwati da jaka kada su wuce tsakar gida ko baranda. A nan za a buɗe, duk abin da ke wankuwa ya tafi ruwan zafi kai tsaye har kayan da ke jikinki, ki yi wanka ki sa na gida. Akwatin ƙarfe a zuba masa ruwan zafi ciki da waje musamman wajen maɗauri da naɗin bakinsa, jaka a juye ta a bi zif da aljihu da burushi. Littattafai a kaɗa su shafi-shafi a waje a ƙulle a leda. Katifar makaranta kuwa in da inda za ki bar ta can ki bar ta, in dole sai kin taho da ita to a naɗe a leda kuma kada ta shiga ɗakin kwana. Ku kuma haɗu ku 'yan ɗakin ku kai wa masu kula da ɗakunan kwana koke a rubuce kafin ku tafi, lokacin hutu ne ake iya kwance gadaje a yi aikin da kyau, amma ku ce a sake zagaye na biyu kafin a dawo domin ɗakin da ba kowa ba ya kashe su, jira kawai suke yi.

Baban Sadik: To na ji na fiya-fiya. Mai Feshi zan neme ka ta akwatin saƙo, shagona akwai wani benci mai soso da nake zargi, yaran shago kullum suna susar cinya.

Mai Feshi: Ba damuwa Yallaɓai. Kafin in zo ka kifa bencin ka duba inda aka buga yadin da ƙusa ta ƙasa, in da baƙin ɗigo a nan ka fitar da shi waje tun yanzu kada kowa ya sake zama a kai.